Tona Gindinsa

Watan Satumba, dajin Marcinkonys.
Raɓa ta jiƙa mini safa tun gari bai waye ba.
Kaka Genovaite a gaba, kwando a gwiwar hannu,
da 'yar wuƙarta mai ƙotar ƙashi,
tana tafe tana jan carbi cikin aljihu.
Ni ina biye, shekarata tara.

Na hango shi a gindin wani dogon itace:
naman kaza, laimarsa kore-kore, sumul,
ba tsutsa, ba tabo.
Na yanko shi a guje ina washe baki.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta durƙusa inda na yanka, gwiwoyinta na ƙara,
ta sa yatsa ta tone yashi,
ta zaro ɗan farin buhu da ya rage a ƙasa.
Ta ce, Daiva, ga shaidarsa nan.
Mai ciyarwa da mai kashewa laimarsu ɗaya.
Wanda ya ci wannan zai lashe cokali,
har ya yaba wa mai miya.
Sai bayan kwana uku hanta ta ba da labari.
Kada ki yanka daga sama.
Tona gindinsa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Kaka tana kwance bayan majami'ar katako,
ni kuwa ke riƙe da littafin kuɗin ikilisiya.
Ranar Talata lissafi ya ƙi haɗuwa.
Yuro dubu biyu da ɗari huɗu na gyaran rufi
sun bi hannun Almantas, ba su dawo ba.
Almantas mai jan waƙa ranar Lahadi,
wanda ya taɓa kwatanta muryata, a gaban mutane,
da ƙofar da aka daɗe ba a sa wa mai ba.

Daren nan na rubuta wa dattawa takarda.
Kowace kalma gaskiya ce,
kowace lamba a mazauninta,
sumul, ba tsutsa, ba tabo.
Na karanta ta sau uku,
sai na ji wani zaƙi a ƙasan harshena,
irin na wanda ya daɗe yana jiran rana.

Zaƙin nan ya tsorata ni.

Na durƙusa a kicin, gwiwoyina na ƙara.
Na ce, Ruhu Mai Tsarki, ba ni aron yatsanka,
nawa ya saba da tsayawa a laima.
Muka tona.
Ga shi nan, fari fat, shekara goma sha biyu a binne:
buhun ƙofar da ba a sa wa mai ba.

To, in yaga takardar?
Shiru ma ya tsiro kusa da ita, kyakkyawa,
ya ce sunansa jinƙai.
Na tona nasa gindin, na tarar da tsoro,
da son kada kowa ya ɓata mini rai a kasuwa.
Ga kuma ruwa yana ɗiga kan bencin tsofaffi,
gwauruwa Onute ta ba da kuɗin itacen hunturunta
don kada ya ɗiga.

Ya Yesu, da mugunta tana zuwa da ƙaho
da yaro ma ya gane ta.
Amma da rigar Lahadi take zuwa,
ta san amsar kowace addu'a,
wani lokaci muryata take ara.

Laraba da magariba
na ɗauki littafin, ni kaɗai,
takardar na naɗe a aljihu, inda Kaka ke sa carbi.
Ban yaga ba, ban kuma miƙa ba.
Hanyar gidansa ta ratsa gefen daji,
suna nan birjik a ƙarƙashin ganye, masu ci da masu kisa,
ruwan sama ɗaya ya raine su.

Karensa ya yi haushi.
Fitila ta kama a taga.
Na ƙwanƙwasa,
ina tona, ina tona, kafin ya buɗe.